Yadda Ake Tsare Ƙofar Abinci Bayan An Sassauta Doka

Kai mai gadin makaranta, matso kusa, amma ka tsaya daga nan, annoba ake yi. Na san ciwonka. Shekara da shekaru ƙofar ɗakin cin abinci a hannunka take. Sai ka kaɗa ƙararrawa a ci, sai a kan benci, kuma ko ɓallin burodi ba ya fita a aljihun yaro sai ka lalubo shi. Yanzu an rufe makaranta, an ce abincin yara zai ci gaba, amma an aiko wata takarda mai raina manya. Wai iyaye su zo su karɓa, ko ba yaro. Wai kowane lokaci daga safe zuwa la'asar. Wai a ba su na kwana uku a haɗe, su je gida su ci, a tambaye su yara nawa kawai.

Ba annobar ce abin tsoronka ba. Abin tsoron shi ne ranar da shugabar makaranta za ta leƙo ta ga komai na tafiya daidai ba da kai ba, ta ce a ranta, to wannan dattijon aikin me yake mana? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbaci cikin mako guda ba mai ɗaukar ko ayaba sai da izininka. Daga wani gwani na koyo su, dattijon da yara ke kira Mai-Usur, wanda ya shekara ashirin da biyu a bakin ƙofa bai taɓa barin ƙwai ya fita ba bisa ƙa'ida ba.

Mataki na ɗaya: Manna takardar

Karɓe ta da hannu biyu, ka ce, "An gama, ranki ya daɗe." An ce a manna, ba a ce a ina ba. Mai-Usur ya manna tasa a bayan ƙyaure, ya buɗe ƙyauren ya jingine shi da bango, ya sa dutse ya tokare. Duk wanda ya ce masa ya ji a rediyo an sassauta, sai ya ce, "To je rediyon ya ba ka."

Mataki na biyu: Nemi shaida

Takarda ta ce ba sai an zo da yaro ba. Madalla. Amma ba ta ce kada a tabbatar akwai yaron ba, kuma a wannan ɗan tsagin ne arzikinka yake. Fara da takardar haihuwa. Idan an kawo, ka ce ina hoto. Idan an kawo hoto, ka ce wannan ai kowane yaro haka yake, a zo da takalminsa ƙafa ɗaya.

Wani tela mai 'ya'ya biyar ya koma gida ya dawo da jaka cike da takalma, yana haki. Mai-Usur ya jera su a ƙasa daga babba zuwa ƙarami, ya tsuguna ya daɗe yana nazari.

"Waɗannan biyun girmansu ɗaya," in ji shi.

"Tagwaye ne, Baba."

"Kowa ma haka yake cewa. Ina shaidar tagwaitaka?"

Telan ya kwashe takalmansa ya tafi. Ka lura, ba a zage shi ba, ba a taɓa shi ba. Aiki ke nan na wanda ya san aiki.

Mataki na uku: Sayi alli

An ce a ba da tazara, to ba da ita har ta ishi kowa. Zana da'ira a ƙasa, ka yi taku goma, ka zana wata. Layin Mai-Usur ya fita daga makaranta, ya bi gefen titi, ya wuce shagon mai faci, har na ƙarshe ba ya sanin layin me yake bi. Ka yi da'irar ƙarama, daidai ƙafar ɗan aji ɗaya. Duk wanda dunduniyarsa ta leƙo waje, busa masa usur, ya koma baya.

Za ka ce yaya ake busa usur da takunkumi a baki. Tambaya mai kyau. Gwanin ya sa almakashi ya huda nasa a tsakiya. Masana lafiya ba su yarda da wannan ba, amma su ba su taɓa tsare ƙofa ba.

Mataki na huɗu: Riƙe bindigar zafi

Za a ba ka ɗan abin nan da ake nuna wa goshi a auna zafin jiki. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Bar mutum ya yi awa guda a rana, sannan ka auna shi, ka girgiza kai, ka ce ya je inuwa ya huce. Idan ya je inuwa, ya fita daga da'ira, duba mataki na uku.

Batirin na Mai-Usur ya mutu tun rana ta biyu, bai fasa ba. Ya nuna, ya duba, ya ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin ya fi kowace lamba aiki. Amma kafin batirin ya mutu ya yi abin tarihi. Ya shiga kicin ya nuna wa tukunyar ƙwai, lamba ta haura sama, ya ce a killace ta kwana goma sha huɗu.

Mai girkin makarantar, wata gajeriyar dattijuwa da kowa ke kira Inna Kuku, ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, tukunya ce. A kan wuta take."

"Ba ni na faɗa ba, na'ura ce."

"To ka fita min daga kicin kafin na'urar ta auna zafin ludayi."

Ya fita. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Mataki na biyar: Koyi kalmar "tsari"

Da la'asar shugaba za ta zo ta ga ƙunshin abinci tsibi guda, burodi da madara da ƙwai da ayaba, ɗari biyu aka ƙulla, goma sha ɗaya suka fita. Za ta tambaye ka. Kada ka yi dogon bayani, shi ke kama mutum. Ƙame, ka ce, "Ranki ya daɗe, tsari ne. Da farko yana da wuya." Manya na son tsari, kuma ba sa son a ga ba su gane shi ba.

Inna Kuku ce kawai matsalarka. Ranar da haka ta faru da Mai-Usur, ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Ayaba ba ta san tsari ba, gobe za ta yi baƙi. Ni tun asuba nake tsaye, ba don bola na dafa ba." Kada ka tanka. Kalli sama kamar mai duba hadari.

Mataki na shida: In layi ya ɓace, ka ci nasara

Rana ta uku Mai-Usur ya zo ya tarar ba kowa. Ta huɗu ma haka. Ya sake shafa wa da'irorinsa alli, ya goge usur da gefen riga, ya zauna ya miƙe ƙafa. Rabon da ya ji daɗin aiki irin haka har ya manta: ga doka tsaf, ga tazara, ba mai karya ko ɗaya. Da wata kyanwa ta ratsa ta tsakanin da'irori, ya busa mata don kada hannu ya kwanta.

A nan ne zan ja maka kunne. Za ka riƙa jin motsi daga bayan kicin. Za ka ga shugaba ta daina tambayarka, kwalayen burodi na fitowa wayam. Kada ka bincika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane kicin yana da taga ta baya. Zauna a kujerarka. Duk abin da za ka yi, kada ka zagaya.

Mataki na bakwai: In ka riga ka zagaya

Shi Mai-Usur ya zagaya. Ya tarar da mutane jere a inuwar katanga, kowa ya ba na gabansa fili ba tare da alli ba. Hannun Inna Kuku na fitowa ta taga, tana tambaya yara nawa, a faɗa, ta miƙo. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya cusa usur ta hujin takunkumi, ya cika ƙirji da iska.

Sai ya ga wata mace, ita ce ta uku a layi, da goyo a baya. Takunkumi ya rufe mata rabin fuska, amma uba ba ya kasa gane tsayuwar 'yarsa. Mijinta direba ne, tun da aka yi kulle motar ke ajiye, ta kuwa sha gaya masa a waya cewa lafiya lau suke.

"Ke, me kike yi a nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Abincin yara, Baba."

"Ga ƙofa can, ga ubanki a bakinta, sai ki biyo ta baya kamar ɓarauniya?"

"Na zo ƙofar, ranar farko. Na tsaya daga nesa na ga yadda ake yi. In ka kore ni, a ce ya kori 'yarsa. In ka bar ni na wuce, a ce ya san tasa. Sai na koma gida."

"Kuka ci me?"

"Akwai ganyen shayi," in ji ta. "Na dafa musu, safe da yamma. Kwana biyu ne kawai, Baba."

Iskar da ya tara ta fita ta usur a hankali, da wata 'yar ƙara mara daɗin ji. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban kowace shugaba. Layi ya matsa, ta iso taga. Inna Kuku ba ta ko ɗago kai ba.

"Yara nawa?"

'Yar ta dubi ubanta. Shi ya amsa.

"Uku. Jikokina ne."

Hannu ya miƙo ƙunshi uku. Ya karɓa ya ɗora mata a hannu, ya juya ga matar da ke bayanta, wadda ta ja baya don tsoronsa.

"Matso, baiwar Allah. Ke nawa ne?"

Wanke hannu

Ni marubucin wannan jagora na kakkaɓe rigata daga duk abin da zai biyo baya. Mai-Usur yanzu kwalaye yake jigila daga kicin zuwa ƙofar gaba. Bayansa na ciwo, ba mai tsoronsa ko ɗaya, mata har gaishe shi suke suna tambayar ƙafarsa. Aikin bai tafi ba, shugaba ma cewa take da za a samu irinsa biyu, amma kwarjinin shekara ashirin da biyu ya tafi a wuni guda. Idan haka ta same ka, kada ka zo min da ƙara, ba na mayar da kwarjini. Ni dai matakai shida na farko na tsaya musu. Na bakwai kai ka kai kanka.