Tulun Gurjiyar Bushiya

A wani daji da fari ya kashe wa gero shekara biyu a jere, wata tsohuwar Bushiya ta mirgino tulu gaban majalisar dabbobi, ranar da ruwan farko ya sauka.

Ta durƙusa ta ce, "Ranku ya daɗe, gurjiya ce, irin da uwata ta bar mini. Ba ta neman taki, ba ta neman ruwa mai yawa. Jikokina uku sun fara cin ɓawon itace, amma ban taɓa ƙwaya ɗaya ba. A raba a shuka, tun ƙasa na da laima."

Burtu, shugaban majalisa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Iya, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Tun zamanin kakana ba a taɓa shuka abin da majalisa ba ta san cikinsa ba. Gero ma sai da aka zauna a kansa. Gurjiya kuwa abin taunar tsofaffi ce a bakin rami, ba ta cikin jerin abincinmu. A naɗa kwamiti."

Aka naɗa Gafiya shugaba, Kurege da Ɓera mataimaka. Babu wanda ya tuna zancen kura da ajiyar nama.

Kwamiti ya yi aiki ba wasa. Suka niƙa mudu don auna gari. Suka gasa mudu don neman mai. Suka dafa mudu don sanin itacen da take ci, da ba su yarda da sakamakon ba suka maimaita. Kullum Bushiya na bakin ƙofa.

"'Ya'yana, ruwa fa yana tafiya."

Kurege ya ce, baki cike, "Haba Iya, sannu ba ta hana zuwa."

Bayan ruwan ƙarshe da kwana tara Gafiya ta tashi da ƙyar, saboda ƙiba, ta karanta rahoto: "Mun tabbatar gurjiya cikakken abinci ce. Tana ƙosarwa kamar hatsi, tana gina jiki kamar wake, ga ɗan mai daidai gwargwado. Shaida ga ta a jikinmu. Shawararmu, a shuka ta ba tare da ɓata lokaci ba."

Majalisa ta yi tafi. Burtu ya ce a kawo irin, a kuma kira Bushiya a yi mata godiya. Aka kawo tulu, Ɓera na ɗauke da shi da hannu ɗaya. Bushiya ta aiko cewa a yi mata uzuri, tana zaman makokin jikanta na uku.

Sai aka naɗe rahoton, aka saka cikin tulun, aka yaɓe bakinsa da laka yadda magabata ke yi wa iri, ana jiran damina.