Gadon Jariri A Ɗakin Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga gidan surukaina ta bayan danga ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Yau in ka gan ni zaune a zaure da furfurata ana gaishe ni cikin ladabi, sai ka rantse ban taɓa yin wauta ba. To na yi, kuma ba 'yar ƙarama ba.

Lokacin Turawa suna nan, ba a daɗe da gama yaƙinsu na biyu ba. Ni kafinta ne a nan Kontagora, ina da 'yar rumfata, wani lokaci kuma a kira ni Bariki gyaran ƙofa ko kujera. A can na taɓa gyara wani ɗan gado a gidan wani likita Bature, mai sanduna kewaye da shi kamar shinge, wai na jaririnsu ne shi kaɗai. Na ce a raina mutanen nan ba su da tausayi, ɗa da uwarsa a raye a ajiye shi gefe kamar kaya. Ashe ni ma ina kan hanya.

Matata Asabe tana da cikin fari. Allah ya ba ta hankali, ya ba ta hannun tuwo, sannan ya haɗa mata da wani irin barci da ban taɓa ganin irinsa ba. Ta kwanta kanta na gabas, ta tashi yana yamma. Sau biyu tana tunkuɗo ni ƙasa, da safe kuma ta tambaye ni me ya sami goshina. Da abin dariya ne a wurinmu. Ana saura kwana kaɗan a zo a ɗauke ta goyon ciki, tana tsintar wake ta juya mini baya, sai ta ce, "Malam, ka ji abin da ya sami wata yarinya a Ibeto? Wai ta farka ta tarar ta danne jaririnta, ba rai." Can ta ce, "Ni fa ka san barcina." Sai na ga hawaye na ɗiga cikin waken.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A lokacin ɗan fari abin kunya ne. Ba ka zancensa, ba ka nuna ka san yana tafe, balle ka yi masa tanadi tun bai iso ba. Asabe ba za ta iya faɗa wa uwarta tsoronta ba, ni kuwa in surukata ta ji na san ma akwai ciki, sai ta ce ba ni da ta ido. Amma hankalina ya tashi ƙwarai, na kasa cin abinci ranar. Sai ɗan gadon likita ya faɗo mini a rai.

Bayan ta koma gidansu, na je gaisuwar Juma'a na tsaya a zaure kamar yadda aka saba. Da ta kawo mini ruwa na raɗa mata ta auno mini ɗakin da za ta yi jego. Juma'ar da ta zagayo ta ajiye ƙwarya tana kallon ƙasa ta ce, "Daga gadon ƙasa zuwa bango kamu uku. Daga randa zuwa ƙofa kamu biyu." Na dawo rumfa ina jin kaina kamar wani babban injiniya. Na sami takarda da fensir na zana ɗakin tsaf: nan gadon ƙasa da ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashinsa, nan randa, nan akwati, nan jeren ƙwarya da tasoshin Inna surukata, nan kuma, da babban rubutu, gadon jariri. (Har kibiya na zana mai nuna inda iska za ta shigo. Wa ya tambaye ni?)

Mako uku ina kan aikin nan a ɓoye. Katakon maɗaci na sa. Ƙusa tana wuya a lokacin, don haka na fere ƙusoshin katako, yadda za a iya kwance gadon a ɗaure shi kamar itace. Duk wanda ya tambaya sai in ce masa akurkin zabi ne wani ya ba ni aiki. Abu ɗaya na manta, kuma kafinta ɗan koyo ma ba zai manta da shi ba. Asabe da hannunta ta auna, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ni kuwa na zo na auna katako da nawa. Asabe gajeruwa ce, ni ko siriri ne zanƙalele, ana ce mini gwangwala tun ina yaro.

Ranar da aka dace, surukina ya tafi gonarsa wajen Kaboji, Inna da sauran matan gidan sun tafi wunin biki wata unguwa. Da hantsi na kinkimo ƙunshina na bi ta bayan gida, na ɗaga danga na kutsa kamar akuya. Asabe na tsaye tana waige-waige, cikinta a gaba.

Na haɗa gado cikin ɗaki, ya yi kyau har na so in yi wa kaina guɗa. Na tura shi gurbin da na zana. Ya ƙi shiga. Na juya shi ta tsaye, ya tokare randa. Na janye randa zuwa wurin akwati, akwati ya rasa mazauni. Na sauke jeren ƙwaryar Inna ɗaya bayan ɗaya (abin da ko mijinta bai isa ya taɓa ba), na jingina su a kan gadon ƙasa. Ga shi ɗakin kago ne zagayayye, gado kuwa mai kusurwa huɗu, ko ta ina na kai shi sai bango ya ƙi karɓarsa. Ina duba takarda ina duba ɗaki, gumi har cikin idona. Kafin azahar na hargitsa ɗakin kaf, gadon kuma yana tsakiya tsirara, daidai inda mutum zai taka in ya shigo.

Asabe ta dafa ƙugu ta kalle shi ta ce, "Malam, anya 'yan ƙusoshin icen nan za su riƙe? Kar ya zube da ɗan mutane."

Nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. A taɓa komai nawa ban da sana'ata. Na ce, "Ya zube? Tsaya ki gani." Na tuɓe takalmi na haura na kwanta rigingine a ciki, na naɗe ƙafafu, har ina girgiza jiki don ta ji ko ƙara bai yi ba. Garin girgizar ƙafata ta hagu ta zurma tsakanin sanduna biyu har idon sawu, kafaɗuna kuma suka cushe tsakanin gefe da gefe. Ina cikin cewa ta ja ni, sai muka ji sallama a tsakar gida.

Muryar Inna ce. Ashe a wurin biki ta haɗu da Goggo Mairo, ungozomar unguwar, wata tsohuwa Bakambariya mai kaifin baki wadda ta karɓi haihuwar rabin mutanen layin, ita kuma ta ce lallai a zo ta duba gadon ƙasa ko ya tsage kafin lokaci ya yi. Asabe ba ta yi wata-wata ba, ta fizgo zanen rufa ta lulluɓe ni da gadon gaba ɗaya.

Daga ƙarƙashin zane na ji Inna ta yi salati. "Ke Asabe! Wa ya saukar mini da jere? Wannan kuma mene ne a tsakiyar ɗaki?"

"Kafinta ne ya aiko da shi, Inna. Wai... wai na kwanciyar yara ne."

Goggo Mairo ta ƙwanƙwasa sandunan da sandarta, ƙwas ƙwas, dab da kunnena. "Na yara? Wannan ai kejin kura ne. Jikan nawa za a sa a nan? Kama mini mu fitar da shi, ya yi mana itacen dafa ruwan wanka."

Mako uku, da hawayen Asabe, duk za su tafi ƙarƙashin tukunya. Suka kama, ɗaya nan ɗaya can, suka yi nishi. Gado ko gezau.

"Kai! Me ke ciki haka?" in ji Inna.

Asabe, Allah ya yafe mata, ta ce, "Doya ce. Daga Mashegu aka kawo."

"To ba sai a sauke doyar ba?" in ji Goggo Mairo. Sai na ji hannu mai sanyi ya shigo ƙarƙashin zane yana lalube. Ya bi sanda, ya sauka kan diddigena, ya matsa. Ya haura ya ƙirga. Can tsohuwar ta ce, a hankali, "Uwar Asabe, doyar Mashegu ta bana har da yatsu biyar." Ta yaye zanen.

Ga ni nan. Rigingine, gwiwoyi a haɓa, hula ta rufe ido ɗaya, ƙafa ɗaya a waje. Ga surukata, matar da tun da na auri 'yarta ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, wadda in na hango ta a hanya nake sauya lungu. Na so ƙasa ta tsage, amma ko ta tsage ba zan iya shiga ba, don a maƙale nake.

Inna ta juya fuskarta ga bango ta ja mayafi. Ni kuwa na rasa abin yi, sai tarbiyya ta yi aikinta. Ba halin durƙuso, amma baki na nan.

"Barka da dawowa, Inna."

"Barka kadai."

"An dawo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ta ɗan tsaya, sannan, da yake mace ce da ba ta barin gaisuwa a rabi, ta ce, "Ya aiki?"

"Aiki da godiya," na ce, ƙafata na reto a sama.

Goggo Mairo ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da tari. Da ta farfaɗo na gaya mata ƙusoshin da za ta buge, ta ɗauki gudumata ta cire gefe ɗaya, ta kama ni ta hammata ta zaro ni. Ta ce, "Na daɗe ina karɓar haihuwa a garin nan, amma yau na fara karɓar mai gemu."

Na durƙusa a bakin ƙofa kaina a ƙasa. Inna, har yanzu tana fuskantar bango, ta ce, "Mairo, tambaye shi me ya kawo wannan ɗanyen aiki."

Na dubi Asabe, ta rufe fuska da tafin hannu. Na ga dai kunyar da ta rage mini ba ta kai a yi mata rowa ba. Sai na faɗa. Na faɗi zancen yarinyar Ibeto, na faɗi barcin Asabe, har goshina na nuna. Na ce, "Tsoro take ji, Inna, ni ma tsoro nake ji. In an ce na yi rashin kunya na yarda, a yi mini duk hukuncin da aka ga dama. Amma don Allah kar a ƙona shi."

Goggo Mairo ta daina dariya. Can Inna ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Barcin nan a wurina ta ɗauko shi. Duk haihuwar da na yi, a zaune nake kwana har arba'in." Ta gyara mayafi. "Mairo, ce masa ya mayar da gefen da aka cire."

Goggo ta sake ƙwanƙwasa gadon, wannan karon da wata irin girmamawa. Ta ce, "Abin da ya ɗauki wannan zanƙalelen bai karye ba, ai ko 'yan uku ne zai ɗauka."

Daga nan mata suka karɓi ragama, ni na zama ɗan dako. Na miƙa takardata, Goggo ta juya ta sama ta juya ta ƙasa ta soke ta a jinka. Inna na ba da umarni ta bakin Goggo, Goggo na ba ni, ina ɗagawa. Ba a bakin ƙofa ba, saboda iska da idon masu barka. Ba a jikin gadon ƙasa ba, saboda zafi, amma kusa yadda mai jego za ta miƙa hannun dama ta taɓa. Randa ta koma waje gindin bango, akwati ya hau kan duwatsu a bayan ƙofa, jere ya koma mazauninsa da hannun mai shi. Goggo ta ce dole a bar gurbi wajen kai inda za a sa 'yar wuƙa, kamar yadda ake yi wa kowane jariri, na ce ko takobi ne a sa. Abin da ya gagare ni da fensir tun hantsi, suka gama shi kafin la'asar. Na fita ta zaure, ta ƙofar gaba, ina tafe kamar wanda ya ci yaƙi.

Bayan mako biyar Asabe ta sauka lafiya, mace. Ni dai ina rumfa ina ta fere katakon da bai buƙatar fira, ina yi kamar ban ji ba, alhali kamar in yi tsuntsu. Uban fari ba ya zuwa leƙe. Kwana na uku sai ga Goggo Mairo da sandarta. Ta ce, "Uwar Asabe ta ce a gaya wa kafinta aikinsa ba kyau, ƙafa ɗaya na girgiɗi. Ya zo ya gyara yanzu."

Raina ya ɓaci, na ɗauki guduma na bi ta. Muka tarar tsakar gida ba kowa, har Inna ta shige madafa ta saki asabari. Na shiga ɗakin na durƙusa na taɓa ƙafar gado ta farko, daram. Ta biyu, daram. Duka huɗun kamar an dasa su. Asabe na kan gadon ƙasa ta baje tana barcinta, hannu ɗaya gabas ƙafa ɗaya yamma. Na ɗago kai, sai ga 'yata a cikin gadon, a naɗe, tana numfashi a hankali, ba abin da ya taɓa ta. Na daɗe ina gyaran ƙafar nan da ba ta lalace ba, hawaye na zuba a kan guduma.

Daga ranar na riƙe abu biyu. Ban ƙara auna katako da hannun wani ba, kuma duk abin da na ƙera, da buhun gero nake gwada ƙarfinsa, don shi buhu ba shi da suruka.