Birkin Hagu na Tsoho Dokbae

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa tsoho Pyo Dokbae a sanyin bara, abin da ya fi tayar wa jikarsa Sorim hankali ba hannunsa na hagu da ya yi laƙwas ba ne. Bakinsa ne. Mutumin da tun tana goye bai taɓa barinta ta gifta bai tsokane ta ba, sai ga shi ya koma "na gode" da "sannu da ƙoƙari". Ta kai masa miya, na gode. Ta gyara masa matashi, na gode. Sau tari sai ta fita harabar asibiti ta sha kukanta ta dawo. Hannu ya warware a hankali, ƙafa ta taka, amma bakin nan shiru.

Da kaka ta shigo, ganyaye suka fara ja, sai ya ce shi fa keke zai hau daga Incheon har Busan, ya ratsa ƙasar daga wannan baki zuwa wancan. Aka yi ta kai ruwa rana a gida. Likita ya ce babu laifi in za a bi a sannu. Uwar Sorim, wadda ita ce 'yarsa, ta kafa sharaɗi: Sorim ta bar gidan burodin da take aiki ta bi shi, kuma kafin su tashi sai ya nuna hannun hagun nan zai damƙe birki da kaya a kan keke. In ya kasa, a juyo gida.

Shi ya sa da safiyar nan Sorim ta iso bakin teku, inda hanyar kekuna ta faro, tana tura kekenta. Ta hango kakan nata a kan benci, sabuwar hular kwano a gwiwarsa. Ta rusuna ta gaishe shi da sunan da ake kiran kaka namiji a harshensu.

"Haraboji, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi jakunkunan da ta jibga wa keken.

"Lafiya lau, 'yan mata. Amma jikata nake jira, ba masu ƙaurar gida ba. In kin ga wata 'yar kwikwiya mai ƙafafu kamar kwaɓaɓɓiyar fulawa, ki ce mata rana ta yi."

Sorim ta tsaya cak. Wani nauyi da ta daɗe tana yawo da shi a ƙirji ya sauka lokaci guda. Ta juya kamar tana gyara igiyar jaka, ta ɗauke ƙwalla da bayan hannu, sannan ta juyo da shirinta.

"Ni ma kakana nake nema. An ce min wani jarumi ne zai tafi Busan. Ban ga kowa ba sai wani tsoho da ya ɗaure bakin wandonsa da robar ɗaure albasa."

"Robar nan ta girme ki, ki gaishe ta."

"Ina wandon da ka aike ni na sayo maka?"

"Wando? Na ce ki sayo min wando na mutunci, kika kawo min kunzugun jarirai. Matsattse, baƙi, da katifa a gindi! A asibiti ma ban yarda an sa min irinsa ba."

"Duk masu doguwar tafiya shi suke sawa. Kafin mu wuce birnin Seoul za ka roƙe shi da hawaye."

"Ni? Gindin nan nawa ya fi sirdin keken tauri. Sirdin za ki tausaya wa."

"To tashi tsaye na gani."

"Saboda me?"

"Ka tashi mana, Haraboji."

Ya miƙe yana ƙunƙuni. Sorim ta zagaya bayansa ta riƙe haɓa.

"Abin mamaki! Ashe abincin asibiti duk a nan ya taru? Jiya fa bayan nan a shafe yake kamar faranti."

"Ke, bar nan!"

"Yana ciki! Ashe ka sa kunzugun a ƙarƙashin wandon!"

"Sanyi ake yi," in ji tsoho, ya koma ya zauna da sauri. "Kuma an riga an saya, ba na son ɓarna. Ke dai faɗa min, me ke cikin wannan lodin? Tandar gidan burodin kika ciro?"

"Kayan sawa ne, da magungunanka, da na'urar awon jininka, da bargo."

"Da bargo! Yaƙi za mu?"

"Jinya za mu."

"Ku ji 'yar kwikwiya. Lokacin da nake kai kaya a kasuwa, buhunan shinkafa nake ɗora wa keke har su fi ni tsawo. Na taɓa ɗauko firji daga tashar jirgin ruwa, matar da ta saya tana zaune a kansa tana ɓare tafarnuwa."

"Da ina ƙarama ka ce rediyo ne."

"Da rediyon a cikin firjin."

"Kuma ka ce matar a ƙasa ta biyo ka."

"Ta gaji ta hau. Wata rana kuma kakarki ta ɗora miya ta ce babu kifi. Na hau keke na je Busan na sayo, na dawo na tarar ko tafasa ba ta yi ba."

"To me ya kawo mu nan da sassafe? Ka je ka dawo, ina jiranka a bencin nan."

"Ke zan nuna wa hanya. Ke da ko kasuwar unguwa sai kin tambayi waya ta gaya miki dama da hagu."

"Ni fa na je Busan sau biyu a watan nan."

"A mafarki?"

"A gidan motsa jiki. Allon keken ya nuna min."

"Keken da aka kafe a ƙasa? Wanda ake tuƙawa ana kallon wasan kwaikwayo? Ai na hau ɗan'uwansa a asibiti. Na yi ta tuƙi, na yi ta tuƙi, na ɗaga kai na ga har yanzu ga ma'aikaciyar jinyar nan mai murtuke fuska a gabana. Ban taɓa ganin keke marar zuciya irinsa ba."

"Shi ya tashe ka tsaye dai."

"Haushinsa ne ya tashe ni."

Sorim ta yi dariya har ta dafa benci. Sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, dariyar ta ragu. Uwarta ce ke tambaya ko an gwada.

"Haraboji," ta ce a hankali. "Saura sharaɗin."

Tsoho ya miƙe. Ya kifa hular kwano, ya daɗe yana fama da maɓallinta a ƙarƙashin haɓa. Sorim ta ga yatsun hagun suna ɗan rawa, ta kai hannu za ta taimaka, ta fasa. Maɓallin ya shiga. Ya nuna wani farin layi da aka ja a kan hanya can gaba.

"Je ki tsaya bayan layin can. A tsakiya."

"A tsakiya? In birkin ya ƙi fa?"

"Sai na huta da surutu har Busan."

Ta je ta tsaya. Wasu matasa da suka zo da nasu kekunan suka ja gefe suna kallo. Dokbae ya karkato kekensa, ya ɗaga ƙafa ya haye. Jakar baya ta rinjaye shi, ƙafar gaba ta yi dama ta yi hagu, Sorim ta toshe baki. Sai keken ya miƙe. Ya taho, iskar teku na kaɗa masa riga. Da ya matso ya buɗe yatsun dama gaba ɗaya don ta gani, ya bar tafin kawai a kan kan keken. Yatsun hagu suka lanƙwashe a kan birki, suka matse. Taya ta yi ƙara, keken ya tsaya, tazarar tafin hannu tsakaninsa da layin. Ya sauke ƙafa ƙasa daram.

Matasan suka tafa. Sorim ta matso kusa da shi. Ta lura shi ma yana kallon hannun nasa, yana buɗe shi yana rufewa, kamar ya haɗu da tsohon aboki a hanya.

"Da ya ƙi," ya ce ƙasa-ƙasa, bai dube ta ba, "da ban san da wace fuska zan koma gida ba."

"Da wannan mummunar dai," in ji Sorim. "Kana da wata ne?"

Ya tuntsire da dariya. "Marar kunya! To ɗauko motar kayanki mu tafi."

Ta ruga ta kamo kekenta, zuciyarta fes. Ta ɗora ƙafa ta yunƙura da ƙarfin murna. Lodin bayan ya ce bai san zance ba. Keken ya yi gefe a hankali, a hankali, ya kwantar da ita cikin ciyawar bakin hanya, bargo ya kunce ya rufe mata kai.

"Kin ji ciwo?" Ta ji muryarsa a kanta, a tsorace.

"A'a," ta ce daga ƙarƙashin bargo.

Sai ya saki dariyar da ba a ji irinta ba tun bara, har da buga cinya.

"Jama'a ku zo ku gani! Ga mai jinyar da aka haɗo ni da ita! Ashe don kanki kika ɗauko bargon?"

"Hutawa nake."

"Ko taku ɗaya ba mu yi ba!"

"Ƙasar nake gwadawa, ko za ta yi maka laushi in ka faɗi."

"Kira uwarki. Ki ce majinyaci ya ci jarrabawa, malamar asibiti tana kwance. Ki tambaye ta ko akwai sharaɗi a kan wannan."

"In ka gaya mata, ni kuma duk tsofaffin da kuke wasan dara da su za su ji labarin kunzugu."

Tsoho ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula.

"Ban ga kowa ya faɗi ba," ya ce. "Iska ce ta kayar da bargo."

"Ni ma ban ga katifa ba."

Ta tashi tana kakkaɓe ciyawa, suka rage kayan, suka sake ɗaure sauran daidai a ɓangarorin biyu. Da suka gama, ta sauke numfashi ta dube shi.

"Na sallama, Haraboji. Yau kai ne gaba. Shiga, ina bin ka."

"Yanzu kika yi magana." Ya zuge aljihun jakarsa, ya lalubo busasshiyar kanya babba mai farin gari a jiki, ya miƙa mata. "Ungo, 'yar kwikwiyata. Ki sami ƙarfin sake faɗuwa."

Ta tara hannu biyu za ta karɓa, sai ta tsaya ta harare shi.

"Da hagu kake ba ni?"

"Shi ya yi aikin yau," in ji tsoho, yana ɗora ƙafa a kan feda. "Shi zai ba da tukuici."