Ƙarfen Gaban Akwalar Ashiru

"...da gajiya, da iyali? Kai bawa, ba ka ga ubangijinka ya iso ba? Tashi ka share mani wurin zama."

"Lahiya lau, Malam Ashiru. Sannu da hanya. Ga benci nan."

Malam Ashiru! Ai da Rabilu ya ɗauki ƙarfen da yake walda ya manna masa a wuya da ya fi masa sauƙi. Mahaifin Ashiru da mahaifiyar Rabilu ciki ɗaya suka fito, taubasai ke nan, ɗan namiji ubangiji, ɗan mace bawa, kuma tun suna yawo ba wando Rabilu bai taɓa kiransa da sunan kirki ba. "Mai kan tulu" shi ne sunan da ya raɗa masa. Amma tun daminar bara sai ladabi, sai sannu, sai Allah ya kiyaye hanya. Wanda ya san taubasantaka kuwa ya san ran da taubashinka ya fara girmama ka, to ya yar da kai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bara Gwaggo Sa'a, mahaifiyar Rabilu, ta tashi da ciwon ciki a garinsu Tchaké, Ashiru ya kwantar da ita a bayan tsohuwar motarsa zai kawo ta asibitin Mayahi. Mota ta kafe a yashin gulbi. Aka tona, aka tura, aka aika neman shanu, kafin shanun su iso rai ya yi halinsa. Ba wanda ya ce laifin Ashiru ne, Rabilu ma bai ce ba. Ya dai daina zaginsa. Watan cika-ciki ya zo ya wuce bai je karɓar shararsa ba, zakaran da Ashiru ya ware masa yana nan yana ta tsufa. Shirun nan ya ci ran Ashiru ƙwarai, shi ya sa yau ya tsallake duk masu walda na Tasawa ya kawo aikinsa rumfar Rabilu a Mayahi.

"Zo ka ga abin da danginku na wajen uba ba su taɓa gani ba," in ji Ashiru, yana kwance igiyar bayan mota.

Ƙarfen gaban mota ne, wanda direbobi ke ce wa farshok, ƙato, kwance cikin ƙaiƙayi. A tsakiyarsa akwai injin ja da waya naɗe a jikinsa, da ƙugiya a bakin wayar.

"Madalla. Allah shi sa alheri."

"Daga motar furoje, ta masu aikin raya karkara, anka ciro shi, irin tawa sak. Ɗan Baba mai tsohin ƙarahwa na Tasawa ya rantse mani."

"To."

"Ya ce injin nan ya taɓa jawo tirela daga cikin rijiya."

"Ikon Allah."

"Da direban, da buhun albasa, ko ɗaya bai jiƙe ba."

"Allah mai iko."

Ashiru ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Sai ya tuna inda mai sana'a ke da ƙaiƙayi, ya buga tsohon gwangwanin da ke gaban motarsa da tafin hannu.

"Ba wani aiki ba ne. Ka ɗan ɗiga mashi walda bisa wanga gwangwani in tahi. In ba ka iyawa, igiya gare ni, in ɗaure abina."

Rabilu ya ɗago kai a hankali.

"Bisa mi?"

"Bisa gwangwanin."

"Kai dai an yi asarar hatsi! In na liƙa shi nan, ran da ka ja, huskar motar za ta tahi ta bar ka zaune da sitiyari a hannu."

"Au, ashe bawan nawa yana da baki."

"Kauce in gani."

Zagi dai ya fito, amma babu dariya a cikinsa, kuma Ashiru ya lura. Rabilu ya tsuguna ya auna kunnuwan farshok da taƙin hannu, ya je ya leƙa ƙarƙashin motar ya auna bakin shasi, ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, ya yi tsaki.

"Irin taka sak, ko? Wanga na motar zamani ne, mai ƙiba. Kunnuwanshi sun hi shasinka hwaɗi da taƙi guda. Hujin bulonshi, inda ƙusar ɗauri ke shiga, na gabas, naka na yamma. Ka sayo ma jaki sirdin raƙumi."

"Motar ce ta rame. Da can haka hwaɗinta yake."

"Da can yaushe? Zamanin Nasara?"

"Tsohuwar zuma da ita aka magani."

"Wagga akwalar tsohuwar cuta ce, ba zuma ba. Ko kaji sun bar gudu in sunka gan ta, sun san za su riga ta."

"Hassada ga mai rabo taki. Kai ko amalanke ba ka da."

"Gara ƙahwata, ita ba a tura ta da sahe."

Rabilu ya ɗauki guntun ƙarfe ya kankare fentin farshok ɗin.

"Dubi nan. Hwari a ƙasa, kore a bisa, sannan baƙin da Ɗan Baba ya shahwa mashi jiya, ko bushewa bai yi ba. Gida ukku ya yi kahin ya zo gare ka."

"Bazawara ta hi sanin riƙon gida."

"Ka gwada injin kahin ka ɗauko?"

"Na ce maka ya rantse."

"Cinikin biri a sama. Ɗan Baban da in ya ce maka rana ta hito sai ka leƙa waje?"

Suka jawo wayoyi suka haɗa da batirin motar. Injin ya yi shiru, ya yi gurnani, sannan ya fara juyawa da ƙyar.

"Ka ji murya!" in ji Ashiru. "Zaki ke nan!"

"Tarin tsohon mashayin taba dai."

"Tari ko ba tari ba, yana ja. Da wanga, wallahi ko yashin gulbi..."

Sai ya katse maganar. Rabilu ya cire wayar daga batir, rumfar ta yi tsit.

"Ƙarasa mana. Ko yashin gulbi mi?"

Ashiru ya juya yana rufe murfin batir, Rabilu ya bi shi da magana.

"Ihu bayan hari ke nan. An ce ba a hwahe gora ranar tahiya, kai kau sai da tahiyar ta ƙare ka tuna da gora. Tun yaushe kake bin hanyar nan? Tun yaushe ka san yashin nan na cin mota? Sai da ya ci mutum."

"Rabilu, wanga wasa ne ko gaske?"

"Taubashi yana da gaske? Duk abin da na hwaɗi wasa ne, ba ka da ikon hushi. Haka munka tarar."

Nan ne mugun wurin al'adar. Ta ba mutum damar ya soke ka har ƙashi, ta hana ka cewa wayyo. Ashiru ya ji ɗacin har bakinsa, ya haɗiye, ya ga ba zai haɗiyu ba.

"To ni ma bari in yi nawa wasan. Uwarka ce, na sani. Ni kau ita ta yaye ni, a bayanta na bar kukan nono. Rannan kanta bisa cinyata yake, ina kallon hanya ko shanun nan za su ɓullo. Kai ka samu wanda za ka ji ma haushi, ka huta. Ni wa zan ji ma? Yashi?"

Rabilu ya kau da fuska.

"Kowace kasuwa sai na bi ta wurin. Masu ciki da tsohi su ne kayana, ba wata mota a garin sai wagga akwalar da kake zagi. Ga damina ta ƙarato. Bijimina na huɗa na kai kasuwa saboda wanga ƙarhe. In sirdin raƙumi ne, to shi na samu."

"Ba ya hawa," in ji Rabilu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sai an yi mashi hannuwa da ƙarhe mai kauri, a huda, a ɗaure da bulo a jikin shasi. Irin ƙarhen nan babu shi a garin ga, sai Maradi."

"Shi ke nan. Na gode, Malam Rabilu."

Ashiru ya sunkuya ya kama gefen farshok zai mayar bayan mota. Nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ya gwammace bayansa ya ɓalle da ya ce a kama masa.

"Wa ya ce ka taɓa? Aje shi, kada ka karye a rumhwata a ce ni na kashe ubangijina."

Rabilu ya wuce can ƙuryar rumfa ya yaye wasu buhuna. Injin markaɗen Gwaggo Sa'a ne, wanda ta yi shekaru tana markaɗa gyaɗar ƙuli-ƙuli da shi. Bayan rasuwarta ya ɗauko shi daga Tchaké ya rufe, ko mai neman saye ba ya bari ya leƙa. Injin yana zaune a kan gindi na baƙin ƙarfe mai kauri, man gyaɗa ya kama shi ya yi masa sheƙi.

"A'a, Rabilu. Kada ka taɓa wannan."

"Kai ka gaje ta ko ni?"

"Ina iya zuwa Maradi."

"Da wace motar? Kahin ka kai ka dawo an yi girbi. Kama mani nan, in kana da amhwani."

Suka sauke injin a kan buhu. Rabilu ya sa abin yanka, wuta ta yi ta tartsatsi, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika rumfar. Ashiru ya juya baya yana gyaran igiyar da ba ta buƙatar gyara. Aka fitar da hannuwa biyu, aka huda, aka cire tsohon gwangwanin gaban motar aka yar. Wurin ɗagawa ne bakin ya sake buɗewa.

"Ɗaga! Tuwon da kake ci ina yake zuwa?"

"Aikin bawa ne ɗaukar kaya, ni taimako nike."

"Ubangijin da ba shi da ko bijimi."

"Bawan da ke yanka gadonshi ya ba ubangiji, ai ya san matsayinshi."

"Sadaka ce, ga mabuƙaci. Miƙo bulon can, ba wannan ba, makaho!"

Rabilu ya ɗaure bulo ɗaya bayan ɗaya har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya warware wayar duka, ya sami inda ta tsintsinke, ya datse ya sake ɗaura ƙugiya. Sannan ya ja ta ya naɗa a gindin gawon da ke gaban rumfa, ya ce Ashiru ya shiga ya danna.

Waya ta miƙe. Akwala ta yi ƙara, ta girgiza, ta fara rarrafawa zuwa gawo, farshok bai ko motsa ba. Ashiru ya leƙo ta taga yana ihu.

"Ka gani? Ka gani, bawa? Tirela ma..."

Ƙofar da ya jingina a kanta, wadda dama waya ce ke riƙe da ita, ta ɓalle ta faɗi ƙasa, shi kuma ya biyo ta har hularsa na gangarawa cikin toka. Rabilu ya so ya daure. Ya cije leɓe, ya dubi sama, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa, irin mai fita da hawaye, ya dafa gawo yana yi yana share ido da bayan hannu. Ashiru yana zaune a ƙasa bai tashi ba, yana saurare kawai.

"Na sallama," in ji Rabilu da ya samu numfashi. "Wanda ya iya hwaɗowa daga motar da ke tahiyar hawainiya, ba mai iya mashi."

"Mi zan ba ka na aikin?"

"Zakarana."

"Ya tsuhwa, namanshi ya yi tauri."

"Ya biyo mai shi. Ran kasuwa ina zuwa in amsa, kuma a baya ba ni zama."

Ya tako gaban motar ya dafa sabbin hannuwan ƙarfen, dariyar ta janye daga fuskarsa.

"Rannan a baya ta kwanta, ba a samu mai jawo ta ba. Yanzu ga ta a gaba, ita za ta riƙa jawo ku. In ka bari wani ya ƙara mutuwa a yashin nan, ita ka kunyata."

Ashiru ya tashi ya shafa ƙarfen, tafin hannunsa ya fito da maiƙon gyaɗa. Bai goge ba.

"Ɗauki ƙoharka ka kawo in liƙa maka," in ji Rabilu. "Tsaye kake kana kallona, mai kan tulu."