Rasuwar Gwaggo da Babi na Huɗu a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kan da har yanzu bai gama ɗaukar abin ba, mai kula da siton wani kamfanin rarraba sabulu, ɗalibi mai neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, yana sanar da 'yan'uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda mutanen gida suka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburin cin abinci, tana tsakiyar aiki, da gyararren kundin digirinsa a cikinta.

Matarsa ce ta laƙaba mata sunan, domin ba ta tashi sai ta yi mita. In an danna ta sai ta ja numfashi, "fuuuu", ta yi "ƙir-ƙir-ƙir" kamar mai gyaran murya, sannan ta buɗe ido. Amma in ta tashi, to ta tashi ke nan. Marigayiyar ta yi haƙuri da zafi, da shayin da ya taɓa malalo mata, da yatsun 'yar autar gidan. Maɓallin harafin "a" ya daɗe da ɓallewa, ba ta taɓa fasa rubuta shi ba.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da Farfesa, malamar da ke duba kundin, ta dawo da shi jajir da biro. Kundin yana magana ne a kan yadda kaya ke tafiya daga masana'anta zuwa hannun mai saye. A gefen babi na huɗu ta ja layi, ta tambaya ina mafita in kamfani ya tara kayansa duka a sito ɗaya, sito ya kama da wuta. Ta ba shi zuwa Litinin ya gyara. In ya wuce, sai baɗi.

Shi da Gwaggo suka duƙufa. Ya rushe babin ya sake shi daga tushe, ya kawo hujjoji, ya zana taswirori, ya tabbatar da cewa duk mai hankali yana raba ajiyarsa gida biyu ko uku. Shi kansa ya san bai taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Har filashi ya saya don ya kwafe aikin, amma ya ce sai ya kammala tukuna, shi ba ya kwafe abu rabi da rabi. Saura sakin layin ƙarshe Gwaggo ta yi "tit... tit...", fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi.

Mai gyara ya buɗe cikinta, ya duba, ya girgiza kai, ya mayar da murfi. Mai ita bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Godiya ya yi, ya rungumo ta ya dawo gida. In an ba shi abinci yana ci, in an gaishe shi yana amsawa, sai dai matarsa ta ce jiya ta iske shi ya danna maɓallin kunnawa, ya zauna yana jiran mitar.

Ta rasu ta bar caja mai naɗe da salatif, da jaka mai tsinkakkiyar igiya, da filashi sabo fil wanda ko daga ledarsa ba a fitar ba. Ta kuma bar tsohon kundin na takarda, mai jan biron Farfesa, wanda shi kaɗai ya rage a duniya.

Za a kai ta makwancinta gobe da safe, a kantar sama ta shagon mai gyara, kusa da magabatanta. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin karatu na makaranta, kujerar da ke jikin taga, daga yau zuwa Litinin, inda mai ita zai zauna da kwamfutar aro yana tuno abin da ya rubuta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambaye shi ko ya ajiye kwafi a wani wuri. Tambayar tana buɗe a gabansa, a gefen babi na huɗu, da jan biro.