Goron Ɗaurin Auren Sani

A ofishinmu na Abuja na koyi kalmar Turancin nan, "momen", wato ɗan lokaci kaɗan. Da ita nake zaunar da mutum a benci tun safe har la'asar, kuma ya yi min godiya. Sai na ɗauka kowa ma haka zai jira ni.

Ranar ɗaurin auren ƙanena Sani a unguwar Yara da ke Keffi, ni aka damƙa wa goro da alawa, tunda ni ke da mota. Baba ya kira ni suna hanyar masallaci.

"Kana ina?"

"Momen, Baba, na shigo Keffi."

Na shigo ɗin kuwa, sai dai motar duk taɓo. Yayan ango guda, ma'aikacin Abuja, ya iso a haka? Na karkata wurin masu wankin mota, har ina nuna musu tayar da suka tsallake.

Ashe liman ba ya jira. Ana idar da Juma'a ya nemi goro, Baba ya sunkuyar da kai a gaban surukai. Kawun amarya ne ya aika aka kwaso na mai tebur, aka shafa fatiha. Na iso mota tana ƙyalli, na tarar ana naɗe tabarmi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dubi motar kawai ya ce, "Ta wanku."

Yanzu ɗan Sani ya fara magana. Baffa Momen yake ce min, kuma na san bakin da ya koya masa.