Sadaukin Bayan Bango

A shekarar ƙarshe ta yaƙi, duk Jamus ba a yi namiji kamar Manjo Ottokar Pfannschmidt na garinmu ba. Ƙananan sojoji suna zuwa gabas su mutu sau ɗaya, shi ke nan. Shi kuwa kullum sai ya sadaukar da ransa a ofis, kusa da murhu, sannan ya koma gida ya ci dankali da kabeji.

Abin da ya hana a tura shi bakin daga bindiga ce. Ya sa an lanƙwasa mata baki kamar lauje, an ɗora mata madubi, don soja ya laɓe bayan gini ya harbi wanda ke cikin lungu. Muddin ana gwajinta, kujerar Manjo tana nan. Mu dai Sadaukin Bayan Bango muke ce masa, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

"Tun da aka fara yaƙi a duniya," in ji shi a gidan giya, "harsashi miƙe yake tafiya kamar baƙauye. Ni na koya masa shan kwana."

Gaskiya ne, yana shan kwanar, sai dai a farfashe yake fitowa. Manjo ya ce ai wannan riba ce: ka zuba ɗaya, goma su fito. Madubin ma hayaƙi yake rufe shi bayan harbin farko, amma kafin nan yana nuna gashin bakinsa tsaf.

Sai ga Janar ya zo daga Berlin, da umarnin a tura duk jami'in da ba shi da amfani bakin daga. Matar Manjo, Hedwig, ta goge masa takalmi tana kuka.

"Maigida, don Allah ka rage baki yau."

"Mace, tarihi ba ya raɗa."

Aka kafa allon gwajin harbi a lungun mai burodi. Manjo ya manne da bango, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan ma, ya danna. Taga ta tarwatse. Tulun madara ya ɓule. Agwagwar tsohuwa Walburga ta riga mu gidan gaskiya. Allon ko ƙwarzane.

"Kai, Ottokar, uwarka ce za ta biya ni?" in ji tsohuwar.

Manjo bai ko waiwaye ta ba. "Yallaɓai ya lura, maƙiyi ba ya tsayawa inda allo yake. Gefe yake ɓuya."

Janar ya jinjina kai, ya ce akwai wani matashin injiniya da zai iya karɓar aikin, sannan ya tambaya ko ƙaramin soja zai iya riƙe bindigar.

Nan Manjo ya ga kujerarsa tana zamewa, ya bugi ƙirji. "Yallaɓai, wannan ba bindigar kowa da kowa ba ce. Duk ƙasar nan hannu ɗaya ta sani, ga shi nan."

"Madalla," in ji Janar. "To hannun ya bi ta."

Na tausaya wa Hedwig ƙwarai, shi kam ban iya ba. Washegari aka sa shi a jirgin ƙasa, rungume da bindigarsa, zuwa fadamar kogin Oder. Waɗanda suka dawo daga can sun ce fili ne fetal, iya ganinka, ko bango ɗaya babu.